Ranar da Wendell Ya Ƙetare Farin Layi

Wendell Kruse ya tura hannayensa biyu cikin aljihu ya tsaya taku ɗaya bayan farin layi, inda ya saba tsayawa shekara ashirin da biyu. Rana ta take tsaka, ciyawar filin ƙwallon har tururi take yi. A gabansa matasa ɗari da ashirin na ƙungiyar makaɗan garin Harlan Falls sun jeru don gasa cikin jajayen riguna, masu ganguna a tsakiya, masu busa ƙaho hagu da dama, masu tutoci a baya.

Dokar gasar ba ta da wuyar ganewa. Da zarar an busa usur, malamai sun zama kurame kuma bebaye. Ba nuni da hannu, ba ƙirga wa yara taku, ba taka layi. Wanda ya karya, a zaftare wa ƙungiyarsa maki. Wendell, malamin masu ƙananan ganguna, shi ke karanta wa sababbin malamai wannan doka duk shekara. Ya taɓa sallamar wani don kawai ya yi tafi da ƙarfi a tsakiyar wasa.

Loretta Pruitt, shugabar ƙungiyar, ta matso kusa da shi da gorar ruwa.

"Wendell, da ka zauna a bas ka sha iska. Ba wanda zai ga laifinka."

"In zauna a bas kamar tsohuwar jaka? Ke dai kula da masu ƙahonki, jiya kamar agwagi suka yi ta kuka."

Ta yi ɗan murmushi, ta dafa kafaɗarsa, ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba.

Ƙungiyoyi goma sha biyu ne za su wuce zagayen ƙarshe. Harlan Falls na ta goma sha uku, tazarar ba ta kai maki ɗaya ba. Rabonsu da zagayen ƙarshe shekara tara.

Aka busa usur. Ganguna suka ɗauka.

Idon Wendell ya tafi kai tsaye wuri na huɗu daga hagu, wurin 'yarsa Tessa. Tana da shekara shida ta fara kiɗa a kan tukwanen uwarta, tana da sha tara ta samu wannan wuri, ba don sunan ubanta ba, don shi kansa ya kayar da ita sau biyu a gwaji. Hannunta ba na biyunsa. Ƙafarta ce matsala. A minti na bakwai akwai inda layin ganguna ke juyawa gaba ɗaya ya koma da baya, kuma tun farkon bazara take makara da rabin taku a daidai nan.

Sun yi ta gyara shi a bayan gida, tsakanin gareji da gonar masara. Yana ƙirgawa, tana juyawa, tana makara.

"Baba, in ba muryarka na ji ba, ƙafar nan ba ta jin magana," ta ce masa wata rana tana dariya.

"To ki koya mata. Ranar gasa ba ni da baki."

Minti na uku ya wuce lafiya. Masu ƙaho suka buɗe kamar ƙofa, tutoci suka tashi sama suka dawo hannu, ko ɗaya ba ta faɗi ba. Jama'a suka miƙe tsaye. A kunnen Wendell kuwa kiɗan gangunan ya ɗan rasa kauri, amma bai taɓa jin yaran sun haɗa hannu haka ba. Wasu na kiɗa hawaye na zuba, ba halin sharewa.

Minti na shida. Layin ganguna ya doso gefen da yake tsaye. Ya ji leɓɓansa na motsi suna ƙirga taku, ya cije su. Biyar, shida. Alƙaliyar da ke lura da gefen fili, wata mai furfura da ake kira Misis Okerlund, tana tsaye taku goma daga gare shi da takarda a hannu. Ya san tana nan. Bakwai.

Hannunsa ya fito daga aljihu da kansa. Ƙafarsa ta haye farin layi.

"Yanzu, Tessa! Juya!"

Muryar ta ratsa kiɗan. Layin ganguna ya juya cif, kamar mutum ɗaya. Alƙaliyar ta sunkuyar da kai ta yi rubutu.

Da aka karanto sakamako a lasifika, Harlan Falls ta zo ta goma sha uku. Ba don makin da aka zaftare ba, da ta goma sha ɗaya ce. Wendell ya jira yaran su zage shi, ko su harare shi, ko su wuce ba magana. Sai masu ganguna suka zo ɗaya bayan ɗaya suka kewaye shi, gumi na ɗiga daga hulunansu, kowa ya ɗora hannu a bayansa.

Misis Okerlund ta iso da takardarta, tana ɗan inda-inda.

"Mista Kruse, ka yi haƙuri, doka ce. Sai dai dole in rubuta wanda ka yi wa magana a fili. Na bi hannunka da ido, amma ban gane wa kake nufi ba."

Wendell ya juya ya dubi wuri na huɗu daga hagu. Loretta ce ta karɓi takardar a hankali.

"Ki bar gurbin sunan haka, ba komai a ciki," ta ce. "Yau sati uku da muka binne Tessa, yaran nan ne suka ƙi matsawa su rufe wurinta."