Jar Rigar da ke Zauren Brandvold

Zaluncin ya fara ne ranar Asabar, 9 ga Maris, 2024, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a kan daskararren tafkin garin Brandvold.

Ranar ce ta gasar kamun kifi ta ƙarshen sanyi. Baƙi daga birni sun cika garin da manyan motoci da sababbin ƙugiyoyi, babu wanda ya san kaurin ƙanƙarar da yake takawa. Brandvold ta daɗe da daina alfahari da alkamarta. Yanzu baƙi take nomawa: maharban agwagi da kaka, masunta da sanyi.

Aka ji ihu daga mashigar rafi, inda ƙanƙara ba ta da ƙwari. Jama'a suka tarar ta fashe, baƙin ruwa yana motsi, ga mutum biyu a gefe. Ɗaya Dallas Friesen ne, ƙaton da ke yi wa baƙi jagora, tsaye cikin busasshiyar jar rigar sanyi, gashinsa ya daskare. Ɗayar Malama Verna Kowalchuk ce, mai shekara saba'in da shida, zaune da 'yar rigar ulu jiƙe sharkaf, haƙoranta na haɗuwa, tafukan hannunta sun saɓule. Tsakaninsu igiyar nan ce da take ɗaurawa a ƙugu kullum, wadda samari ke yi mata dariya a kai.

Babu wanda ya yi tambaya. Orval Thiessen, shugaban garin, wanda ya maimaita aji shida a hannun malamar, ya duba sau ɗaya ya gama bincike.

"Dallas, ɗan albarka. Tsaya haka a ɗauki hoto. Ku kuma ku kwashe tsohuwar nan."

Kafin mako ya zagayo, hoton ya hau allon bakin gari, kusa da gunkin kifin da suke taƙama da shi. Ga jarumi nan, wuyan hannunsa a waje, maɓallan ƙirji sun ƙi haɗuwa. Aka ce faɗin ƙirji ne. Aka karɓi rigar aka rataye ta cikin akwatin gilashi a zauren gari, baƙi suna tsayawa gabanta suna murmushi.

Sai majalisar gari ta kafa doka: wanda ya haura saba'in ba zai ƙara taka tafkin ba sai da ɗan jagora. Aka sa tarakta ta hau tafkin ta jawo bukkar katakon Malama Verna, wadda ita da marigayi mijinta suka ƙera, take kamun kifi a cikinta shekara arba'in da ɗaya. Aka yar da ita bayan rumbun hatsi.

Ta je taron majalisar. Aka ba ta minti biyu. Ta soma da kwanan wata da lokaci, kamar yadda ya kamata a soma kowane bayani. Ba ta kai ga igiyar ba Orval ya buga tebur.

"Malama, mun san kin tsorata. Ki je ki huta, ki gode wa Allah ki gode wa yaron."

"Orval, har yanzu ba ka iya bari a kai ƙarshen jimla ba."

Aka yi dariya, aka wuce batun gyaran titi.

Ba ta sake neman magana ba. Ta yi abin da ta saba yi a aji: ta jira mai laifi ya ɗaga hannu da kansa. Shi ma Dallas ɗalibinta ne, yana cikin ɗaruruwan da ta hana fita wasa a ƙanƙara sai an ɗinka sunansu a wuyan rigar sanyi. Wata tara tana jira. Ta same shi a kantin kayan kamun kifi yana zaɓen tsutsa.

"Dallas, kana da abin da za ka faɗa wa jama'a?"

Ya dubi takalminsa. "Malama, ni fa ban taɓa cewa komai ba."

"Na sani. Shi ne laifin."

Tafkin ya sake daskarewa. Bukkar tana nan a yashe, ɓeraye sun tare a ciki. Jira ya ƙare.

Abin da ake nema uku ne. A soke dokar. A mayar da bukkar inda aka ɗauke ta. Sannan Orval Thiessen da Dallas Friesen su tsaya a zauren gari, a gaban kowa, su ba da haƙuri da babbar murya, bayan sun buɗe akwatin gilashin sun juya wuyan jar rigar sun karanta sunan da ke ɗinke a wurin, domin nawa ne, ni Verna Kowalchuk, da na jawo ƙaton nan daga ruwa da igiyata, na tuɓe rigata na sa masa.