Ɗinkin da Ya Cinye Haruffa

Na jefa littafin karatun 'yata a kan teburin yarinyar da ta gaji kujerata a maɗaba'a.

"Buɗe shafi na sha tara," na ce. "Wai ke ce mai tsara shafuka yanzu?"

Ta buɗe. Ba a bar fili ta wajen ɗinki ba, ɗaurin ya cinye farkon kowane layi. Jiya 'yata ta tashi karatu a aji, ta yi ta lalubar haruffan da ba sa nan. Malama ta zane ta, ta kira ta daƙiƙiya. Yau ta ce ba za ta koma makaranta ba.

"Anti, ki zauna mana."

"Ban zo zama ba. Shekara shida na yi a kujerar nan kafin in yi aure, ko barci nake ba zan yi wannan shirme ba. Ku gyaran farce kawai kuka iya."

Ta danna kwamfuta, ta juyo min da allon.

"Tsohon aiki ne, Anti, sake bugawa kawai muke yi duk shekara. Na sha cewa a gyara, oga ya ce gwanarsa ce ta yi, kada wanda ya taɓa."

Na duba. Sunana ne a jikin aikin, ga kwanan wata: saura kwana uku bikina.

"In gyara?" ta ce. "Ko gwana za ta zauna ta gyara da kanta?"