Sarƙar da Ta Tsinke a Hanyar Kusada

Duk rugar da ke tsakanin Kankiya da Kusada an san ƙarar babur ɗin Malam Maharazu. Malamin dabbobi ne. A shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo ƙasa aka raba wa ma'aikata irinsa babura masu dogayen ƙafafu da taya mai ƙuraje, waɗanda aka yi don shiga daji. Da shi yake kai wa shanu allura inda mota ba ta isa. Mutumin kirki ne, ko loma ce a hannunsa aka kira shi zai ajiye ya tashi. Aibinsa ɗaya, komai na gyaran babur ɗin nan sai gobe.

Ba rashin sani ba ne. Ranar da aka miƙa masu makullai sai da aka nuna masu abin da ake dubawa kafin a bar kwalta: iskar taya, birki, baƙin mai, sarƙa, sannan a ɗaure sifana da famfo da kayan faci a bayan sirdi. Da fari ya kiyaye. Da aiki ya yi yawa, ya ga kullum yana zuwa yana dawowa lafiya, sai ya saki jiki. Maƙwabci ya ari jakar sifanun, bai tuna ya karɓo ba. Sarƙa kuwa ta sha yashi da taɓo, ta bushe, ta saki har tana dukan murfinta.

Wata safiya cikin damina yana fitar da babur daga zaure, matarsa Turai ta ce, "Malam, ni kam wannan ƙaf-ƙaf ɗin ban son shi. Tun daga bakin kasuwa nike jiyo ka."

Ya yi dariya. "To ba ga shi kin samu mai sanar da ke ki kai ruwan wanka ba? Gobe in Allah ya kai mu zan kai shi wurin Gajere bakanike."

"Jiya ma haka ka ce."

"Allah ne mai kiyayewa, Turai."

Rugar Modibbo ya nufa, can bayan Kusada. Babban ɗan Modibbo, Jaji, abokinsa ne na ƙut. Shi ke kama masa shanu in za a yi allura, kuma bai taɓa barinsa ya koma gida ba tare da ƙwaryar kindirmo ba. Suna cikin aiki, rana ta ɗaga, wani bijimi ya firgita ya fizge igiya, ya soki Jaji da ƙaho a cinya. Jini ya ɓalle kamar an yanka rago.

Maharazu ya warware rawanin Modibbo ya ɗaure cinyar tamau. Da ganin raunin ya san wannan sai asibiti a Kankiya. Aka ɗora Jaji a bayansa, Dabo ƙanen Jaji ya hau can ƙarshe ya rungume shi. Iyatu, uwar Jaji, ta bi su har bakin shinge tana cewa, "Malam, amana. Amana, Malam."

"Ki kwantar da hankalinki, Inna. Yanzun nan za mu isa."

Ya ɗauki turbar yanke, wadda ta ratsa ta cikin rafi. Ruwa ya janye, sai yashi mai laushi. Babur ya shiga da nauyin mutum uku, ƙafar baya ta fara nutsewa. Ya sauko da giya ya murɗa mai da ƙarfi. Sai ji ya yi tas! Inji na ta kururuwa, babur bai motsa ba. Ya waiga, ga sarƙa can kwance bisa yashi.

Da akwai sifana da 'yar mahaɗar sarƙa, aikin da bai kai shan fura ba ne. Ya laluba bayan sirdi, ba komai sai akwatin allurai. Ya durƙusa ya ɗauki dutse yana dukan ƙarfen, yana neman haɗa bakin sarƙar, har ya fasa yatsa bai ji ba.

"Malam," in ji Jaji da 'yar ƙaramar murya, "sanyi nike ji."

Ga rana tsaka, mutum na jin sanyi. Dabo ya ruga cikin gonaki yana kiran jama'a, da ƙyar ya samo wani manomi mai amalanken shanu. Aka shimfiɗa Jaji a ciki, Maharazu ya ɗora kan Jaji bisa cinyarsa yana kiran sunansa. Shanu na tafiya irin tasu. Suna hango motoci bisa kwalta rai ya yi halinsa.

Wurin zaman makoki Modibbo ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, ka yi iyakar yinka. Kwana ne ya ƙare. Allah shi saka maka." Fulani suka yi ta zuwa suna yi masa godiya ɗaya bayan ɗaya. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Daga cikin bukka yana jiyo kukan Haulatu, matar Jaji, da na jaririn da ke goye a bayanta. Bai iya ɗaga kai ba har aka shafa fatiha.

Mai karatu, ajali na Allah ne, amma sakaci namu ne. Allah ya ce tashi in taimake ka. Duk abin hawan da zai ɗauki rai, a duba shi a gyara tun yana ƙofar gida, domin tsakiyar daji babu bakanike.