Kai da Ƙafa

Ranar da za a rushe ɗakin Inna a raba filin, yayana ya yi min magana, karon farko tun rasuwarta.

"Wai ke, me kike aunawa ne a jami'ar nan taku?"

Na ce wani ɗan dutse ne, bai kai ƙwayar dawa ba. A cikinsa akwai mitsi-mitsin maganaɗisu a jere, wannan ya kalli sama, na kusa da shi ya kalli ƙasa. Daga waje ko allura ba ya ja. Aikina in auna ƙarfin riƙon da ke tsakaninsu.

"Ta yaya?"

"Sai na sanyaya shi fiye da ƙanƙara, nesa ba kusa ba. In da ɗumi, kowa harkar gabansa yake yi. Sai sanyi ya tsananta suke jeruwa."

Ya ƙura wa daɓen ɗakin ido. A nan muke kwana mu shida a shekarar fari, bayan Baba ya kai akuyarmu ta ƙarshe da bargonsa kasuwar Makoɗa. Inna takan jera mu kai da ƙafa a tabarma guda, ta rufe mu da zanenta. Yanzu kowa da katifarsa, kowa da katangarsa.

Leburori suka ɗaga diga.

"Ku dakata tukuna," ya ce musu. Ya juyo gare ni, idanunsa sun kaɗa. "Ƙafarki sanyi gare ta kamar randa. A hammatata nake sa ta, ke kina ta barcinki."