Ɗakin Jirgin Yusha'u

Ƙaramin jirgin ƙasan ya fito daga cikin dutsen kwali, ya haye gada, ya rage gudu a gaban tasha. Yusha'u Mailafiya yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwansa goye a baya, yana kallon fuskokin baƙinsa. Ya fi son wannan kallon a kan na jirgin.

Duk Bahaushen da ke zaune a unguwar Shisha, can ƙasa mai tsarki, ya san ɗakin jirgin Yusha'u. Tebur ne ya cika shi bango zuwa bango. Ga layin dogo siriri kamar tsinken tsintsiya, ga tasha mai jan kwano, ga tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, ga gidajen ma'aikatan reluwe a jere ƙarƙashin mangwaron soso. Wanda ya taɓa sauka Zariya yakan gane wurin nan take. Yusha'u kuwa Basakkwace ne. In an tambaye shi abin da ya haɗa shi da Zariya, sai ya yi dariya ya ce can ya yi aure.

Shi ke kula da direbobin bas na wani kamfani a Kudai. Lokacin aikin Hajji yakan yi makonni bai kwana gida ba, amma da alhazai sun watse, baƙi sai su tarar da sabuwar gada ko sabuwar kasuwa a bayan tasha. Kullum kafin su shigo jirgin ya riga ya tashi. Ranar da ya goce daga kan layi, Yusha'u yakan ce a bar shi, gobe za a gyara, a koma falo a sha shayi.

Ana nan sai shugaban Hausawan unguwar ya koma gida Najeriya. Kujera ce mai daraja: mai ita ke shiga tsakanin ma'aikaci da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, shi ake nema in iƙama, takardar izinin zama, ta sami matsala, shi ke gaba a jana'iza. Yusha'u ya daɗe yana hangenta.

Malam Abdulwadud, dattijon da kowa ke jin maganarsa, ya ja shi gefe bayan La'asar.

"Dattawa suna son ka," in ji Malam. "Amma suna cewa yaya za su kai kukansu wurin mai furfurar da ke wasan yara? Ka zaɓi ɗaya."

Maganar ta tsaya wa Yusha'u a rai. Ba don ɗakin nan ba, wa zai tako gidansa? Ma'aikacin bas ne kawai cikin dubbai. Ya nemi shawarar amininsa Hafizu, wanda ya ce abin wasa ba ya ceton kowa ranar hisabi. Ya tuntuɓi Rakan, kafilinsa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin teburin don ƙawata ɗakin baƙinsa. Har istihara ya yi. Yakan dawo daga aiki ya leƙa ɗakin, ya ja ƙofar.

Matan unguwa sun ji labari, suka fara taya matarsa Mu'minat murna tun kafin a yanke hukunci. Dama tausayinta suke ji. Ɗakin da aka tanadar wa 'ya'ya ne, Allah bai kawo ba, kayan wasa suka cinye shi. Ba ta fita ko'ina sai Harami. Idanunta sun yi rauni tun ba ta tsufa ba, kan yatsunta duk sun yi kaushi, suka ce sabulun ƙasar nan ne ba ya karɓar ta. Ita dai ba ta taɓa kai ƙarar miji wurin kowa ba.

Ranar Juma'a, a harabar masallaci, Yusha'u ya sanar da dattawa cewa ya haƙura da jirgi don Allah. Suka sa masa albarka. Malam Abdulwadud ya kafa misali da shi a wurin karatu, ya ce ga wanda ya fi ƙarfin son zuciyarsa. Kafin ya isa gida, ya riga ya buga wa Rakan waya.

Washegari da hantsi ma'aikatan Rakan suka zo. Teburin ya ƙi fita ta ƙofa, sai suka ɗauko zarto. Suka raba shi ta tsakiyar tasha, suka bi ta kan gidajen reluwe. Mangwaron soso ya zube a ƙasa, ɗayansu ya share da ƙafa.

Mu'minat tana kicin da maƙwabciyarta Tahani, tana cuɗa tukunyar da ta riga ta wanke.

"Mabruk, kin huta," in ji Tahani. "Yanzu sai ki sa kujeru, ki sami wurin zama kamar kowace mace."

Mu'minat ba ta ɗago ba har ƙarar zarton ta tsaya.

Da kowa ya watse, Yusha'u ya same ta a tsakiyar ɗakin da ba kowa a ciki sai garin katako. Ya gyara murya.

"Halas, an wuce wurin. Abin ya yi mini ciwo, amma na tambayi duk wanda ya kamata, kowa ya ce haka ya fi."

Ta cire tabaranta, ta goge da bakin mayafi, ta dube shi.

"Alhaji, ko ƙusa ɗaya ba ka taɓa bugawa a teburin nan ba. Ranar da na fara gina gidan mahaifina a kai, cewa ka yi mu bari a riƙa cewa naka ne, don kada a yi wa matar aure dariya. Ban san kai ma ka yarda da maganar ba."