Guraben Littafin Farfesa

Karo na tara ke nan ɗalibar ta yayyage takardar ta cusa a kwando.

Abin da ya hana ta sakat bai fi tafin hannu ba. Jadawalin lambobi ne mai layi biyar, a shafin ƙarshe na littafin rubutun hannu na Farfesa, mai duba aikin digirinta na biyu. Gurabe bakwai a ciki babu komai. A ƙasa ya rubuta cewa darajar jadawalin huɗu ce, ba ta sauka. Daraja kuwa ita ce adadin layukan da ke tsaye da ƙafarsu, waɗanda ba a samo su daga haɗa sauran ba.

A kan wannan jimla ta gina aikin shekara biyu. Amma duk lokacin da ta zauna cike guraben, sai ta samo lambobin da ke saukar da darajar zuwa uku. Ran nan har biyu ta samu, don wulaƙanci.

Ga shi babu damar tambaya. Wata shida ke nan ciwo ya kwantar da Farfesa ya ɗauke masa magana. Da ma can mutum ne mai tsimi, alli ɗaya kan yi masa mako, gaisuwarsa ma rabi ce.

Ta sake lissafi har idonta ya yi ja. Haushin kanta take ji, tana kuma jin nasa. Ƙarshe ta yanke shawara, ta sake buga jadawalin da alamar tambaya a kowane gurbi, ta sauya wa aikin suna.

Ranar kare aikin, matar Farfesa tana layin gaba, ta zo a madadinsa. A gabanta ɗalibar ta miƙe ta nuna wa kwamiti, dalla-dalla, cewa malaminta ya yi kuskure. Aka tafa mata. Matar ta tashi ta fita, ko sallama babu.

Washegari ta kai wa tsohuwar sakatariyar sashen littafin, a mayar wa iyalinsa. Tsohuwar ta gyara tabarau, ta buɗe shafin ƙarshe, ta yi murmushi.

"Allah sarki, Farfesa! 'Yar nan, shekara ashirin ina buga masa takardu, ni ke cike masa irin waɗannan guraben. Shi ai ba ya ɓata tawadarsa wajen rubuta sifili."