Akuyar Mai Daddawa

Zauna, Malam Tasi'u. Ka ce mutanen gidauniyar wani kamfani sun same ka, suna so ka tara musu matan unguwarku a ba su rance su ja jari. Ni ba zan ce maka e ko a'a ba. Zan dai ba ka misali da abin da na gani a wani ƙauye, lokacin ina malamin gona.

Akwai wasu mata biyu maƙwabta, ɗaya tana daddawa, ɗaya tana ƙuli-ƙuli. Shekara ashirin da 'yan kai darni ɗaya ne tsakaninsu. In wannan ta rasa gishiri waccan ta miƙo, in waccan ta haihu wannan ce mai dafa ruwan wanka. Talakawa ne liƙis, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gida ɗaya alhali an ɗora tukunya a ɗayan ba. Sai wata shekara bayan kaka, ga farar mota ta shigo gari. Wani babban kamfani ne ya ware kaso daga ribarsa don yaƙi da talauci, ya turo wata matashiya mai fara'a da rajista a hannu. Kuma wallahi ba mugunta ce ta kawo ta ba, da gaske take. Ta ce ba a neman jingina, ba a taɓa gonar kowa. Mata biyar-biyar za su haɗu, kowace ta tsaya wa 'yar'uwarta, a riƙa biya duk Talata tare da ɗan abin da suka kira kuɗin hidima. In ɗaya ta gaza, sauran huɗun su cike. In ba su cike ba, an rufe musu ƙofa su duka. Matan nan biyu suka shiga ƙungiya ɗaya, don wa za ka tsaya wa in ba wanda ka sani ba?

Zagayen farko ya tafi lafiya lau. Mai ƙuli-ƙuli da ta saba sayen gyaɗa kwano biyar ta sayi buhu guda. Mai daddawa ta sayi babbar tukunya, har ta samu rarar da ta ɗaure akuya a tsakar gida, abin da ba ta taɓa mallaka ba tun da aka kawo ta. A zagaye na biyu aka ninka musu kuɗin. Sati uku da karɓa, mijin mai daddawa ya kwanta. Kuɗin kalwa suka tafi a kuɗin mota, da ƙarin ruwa, da allurai, kuma duk da haka mutumin ya rasu. Ta shiga takaba, ba jari ba fita. Talata kuwa ba ta san takaba ba. Satin farko sauran huɗun suka cike mata da zuciya ɗaya. Na biyu ma haka. Daga na uku suka fara cin jarinsu. Ranar Talata ta biyar suka zauna a kan tabarma tun hantsi har la'asar, domin dokar ita ce ba mai tashi sai kuɗi sun cika. Matashiyar nan idonta ya ciko, ta ce, "Ni ma aiko ni aka yi, Mama. In na koma da giɓi, a bakin aikina." Sai matan suka tashi suka nufi gidan makokin, don su ɗauko abin da za a sayar a cike giɓin. Biyu suka ɗauki tukunyar. Akuyar kuwa ta ƙi kowa, tana ta fizge-fizge, sai mai ƙuli-ƙuli, don ita ta saba zuba mata ɓawon gyaɗa. Ita ta durƙusa ta kwance ta, akuya ta biyo ta ba ko kuka. Daga cikin ɗaki mai takaba ta ce, "Yaya, ke ce?" Ta ce, "Ni ce." Mai takaba ta ce, "To, ki haɗa da igiyar. Ba ni da sauran abin ɗaurewa."

Da ta fita takaba, sai ta tattara tsummokaranta ta tafi wurin 'yarta a wani gari mai nisa, ba ta yi wa kowa sallama ba, kuma can ta rasu bayan shekara biyu. Mai ƙuli-ƙuli ta biya nata tsaf, aka ba ta na uku. Sai dai a lokacin mata goma sha biyar ne ke toya ƙuli-ƙuli a ƙauyen, duk da kuɗin gidauniyar, masu saye kuwa su ne dai na jiya. Ta koma cin bashi a wajen wani ɗan kasuwa ranar Litinin don ta biya na Talata. Adashen da matan garin suka gada tun kakanni ya mutu, don ba wadda ta ƙara yarda ta danƙa wa wata kuɗinta. Da damina ta kayar wa mai ƙuli-ƙuli da ɗaki, mata suka leƙo suka ce Allah ya kiyaye gaba, kowace ta koma gida tana lissafin nata. Ni na same ta zaune a gindin ginin da ya zube, ta ce da ni, "Malam, ba ɗakin ne ke damuna ba. Hannun nan nawa da ya kwance akuyar nake dubawa."

A ƙarshen shekarar kamfanin ya yi taro a birni, ya sanar da cewa cikin kowace naira ɗari da ya ranta, casa'in da tara sun dawo. Aka tafa, aka ci abinci, aka ƙara musu ƙananan hukumomi uku. Kuma ba su yi ƙarya ba, kuɗin sun dawo. Ba dai wanda ya tambayi ta inda suka biyo. Matan nan talaucin da suke ciki yana nan yadda yake, abin da suke jure shi da shi ne ya tafi. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.